Rashin ganinsa a gidan kallo bai rage wa Ignashevich komai ba

Wani ɗan'uwanmu mai rubutu a kan wasanni ya yi sharhi kwanan nan game da Sergei Ignashevich, tsohon ɗan bayan CSKA Mosko da tawagar ƙasar Rasha. Hukuncin da ya yanke masa shi ne, ɗan wasa ne tsaka-tsaki wanda 'yan ƙasarsa suka kambama, kuma aikin koci ya zo ya tona masa asiri. Ina girmama malam da alƙalaminsa, amma bai yi wa bawan Allahn nan adalci ba. Ma'aunin da ya ɗauka ma ya fi hukuncin damuna, domin da shi yaranmu suke auna duk ɗan ƙwallon da ba sa gani a talabijin ranar Asabar.

Ga hujjojin malam yadda ya kafa su, ban rage musu ƙarfi ba. Ya ce mutumin ya yi kusan shekara ashirin yana taka leda bai taɓa barin Rasha ba, saboda haka ba a taɓa gwada shi a Ingila ko Sifaniya ko Italiya ko Jamus ba, inda ake sanin maza. Ya ce wasanni 127 da ya buga wa ƙasarsa ba su nuna komai ba illa ƙarancin 'yan baya a Rasha. Ya ce ba shi da gudu, kuma abin da duniya ta fi tuna shi da shi shi ne cin gidan da ya yi a wasansu da Sifaniya a Kofin Duniya na 2018. Sannan ya rufe da cewa da ya koma horarwa, Torpedo ta sallame shi, Baltika kuma ta faɗa rukuni na biyu a hannunsa.

Akwai gaskiya a cikin wasu daga ciki, kuma ba zan ɓoye ta ba. Ignashevich bai taɓa zama mai gudu ba, musamman da shekaru suka ja. Yana fili lokacin da Rasha ta kasa fita daga rukuni a Brazil a 2014, yana fili kuma lokacin da Wales ta yi musu ci 3 da nema a gasar Turai ta 2016. Duk wannan ya faru. Amma maganar cewa ba a taɓa gwada shi ba, a nan ne malam ya yi babban kuskure, domin tarihin yana nan a rubuce.

Mu je birnin Lisbon, ranar 18 ga Mayu 2005. Wasan ƙarshe na Kofin UEFA ne, kuma ƙaddara ta sa an yi shi a filin José Alvalade, gidan Sporting, ƙungiyar da CSKA za ta kara da ita. Magoya bayan masu gida sun cika fili, Rogério ya jefa musu ƙwallo tun kafin hutun rabin lokaci, kowa ya ɗauka an gama. Da aka dawo, Aleksei Berezutski ya farke da ka, Yuri Zhirkov ya ƙara, Vágner Love ya rufe, aka tashi 3 da 1. Wannan shi ne kofin Turai na farko da wata ƙungiyar Rasha ta taɓa ɗauka, kuma wanda ya ɗaura kambun kyaftin a wannan dare, ya tsaya a tsakiyar tagwayen Berezutski yana tsara bayan, shi ne Ignashevich, yana ɗan shekara 25. A ɓangarensa na dama kuwa ɗan Najeriya ne, Chidi Odiah. Kafin su kai Lisbon sun fitar da Benfica da Partizan da Auxerre da Parma. In wannan ba gwaji ba ne, to me malam yake kira gwaji?

Ingilar da malam ya ɗauka ma'auni fa? A watan Oktoba 2007 ta zo filin Luzhniki da Rooney da Owen da Gerrard tana neman tikitin gasar Turai. Wata guda kafin nan ta ci Rasha 3 da nema a Wembley, ban manta ba. A Mosko Rooney ya fara ci, Pavlyuchenko ya rama biyu, bayan Rasha da Ignashevich ke ciki ya riƙe sakamakon har aka hura usur. Ƙarshenta Rasha ce ta je gasar 2008, taurarin Firimiya suka kalle ta daga gida.

Abin da ya faru a gasar kanta ya fi komai bayyana darajarsa. A wasan farko koci Guus Hiddink ya ajiye shi a benci, ya gwada Roman Shirokov, ɗan tsakiya, a gurbinsa. Sifaniya ta yi musu 4 da 1, David Villa shi kaɗai ya ci uku. Hiddink bai sake wannan gwajin ba. Da Ignashevich ya dawo, Girka ba ta ci su ko ɗaya ba, Suwidin ta Ibrahimović ma haka. Sai Holan, wadda ta lallasa Italiya 3 da nema, ta yi wa Faransa 4 da 1, kowa na cewa kofin nata ne. A Basel ƙwallo ɗaya tak ta iya jefa wa Rasha cikin minti 120, aka fitar da ita da ci 3 da 1. Gaskiya ne Sifaniya ta sake cin su 3 da nema a wasan kusa da na ƙarshe yana fili, amma wannan Sifaniyar ce ta ɗauki kofin, ta ƙara da na duniya a 2010, ta sake ɗaukar na Turai a 2012. Wa ta bari a waɗannan shekaru?

A Kofin Zakarun Turai na kakar 2009 zuwa 2010 ma CSKA ta yi 3 da 3 da Manchester United a Old Trafford, ta fitar da Sevilla, ta kai zagayen ƙungiyoyi takwas. Inter ta Mourinho, mai Milito da Eto'o da Sneijder, da ci 1 da nema ta wuce su gida da waje, ita ce kuma ta je ta kawar da Barcelona ta ɗauki kofin. Ɗan bayan da ya yi shekaru yana haɗuwa da irin waɗannan mutane, ta yaya za a ce ba a san ƙarfinsa ba don kawai albashinsa daga Mosko yake fitowa?

Malam bai tsaya ya tambayi dalilin zamansa a gida ba, alhali dalilin ba ɓoyayye ba ne. A shekarun da Ignashevich ke ganiyarsa, manyan ƙungiyoyin Rasha suna iyo cikin kuɗin mai da iskar gas. Hukumar ƙwallon ƙasar ta kuma ƙayyade yawan baƙin 'yan wasa da ƙungiya za ta iya sa wa a fili, abin da ya sa ɗan gida mai kyau ya yi tsada ƙwarai, ga harajin albashi kashi 13 cikin ɗari kawai. Mutum yana garin haihuwarsa, yana cin kofuna, yana buga Kofin Zakarun Turai kusan kowace shekara, ana biyansa abin da ƙungiyar tsakiyar teburi a Ingila ba lallai ta biya shi ba. Idan malam ya ce da ya fi so ya gan shi ya yi kasada ya fita, wannan ra'ayi ne, ba zan yi musu da shi ba. Sai dai magana ce a kan zaɓin rayuwar mutum, ba ta auna iya tare ƙwallo.

Waɗanda suka fita ɗin ma ai mun gan su. Bayan gasar 2008 Pavlyuchenko ya tafi Tottenham, Arshavin ya tafi Arsenal, Zhirkov Chelsea, Bilyaletdinov Everton. Arshavin ya ci huɗu a Anfield a dare guda, ba wanda zai ƙwace masa wannan, amma dukkansu cikin 'yan shekaru suka tattara suka koma gida. Shin tafiyar ta sa sun fi Ignashevich daraja a tarihin ƙwallon ƙasarsu? Lev Yashin duk rayuwarsa a Dynamo Mosko ya yi ta, shi ne kuma mai tsaron gida tilo da ya taɓa cin Ballon d'Or, a 1963. A nahiyarmu Wael Gomaa na Masar bai taɓa buga wa ƙungiyar Turai ba, amma ya tare Drogba, ya tare Eto'o, ya ɗauki Kofin Afirka sau uku a jere daga 2006 zuwa 2010. Malam zai iya tsayawa gaban Bamisire ya ce masa Gomaa tsaka-tsaki ne?

Ba ma sai mun yi nisa ba. Ahmed Musa, wanda muka sani tun yana Kano Pillars, ya koma CSKA a watan Janairu 2012, ya ɗauki gasar Rasha sau uku, a 2013 da 2014 da 2016, kuma a duk ukun Ignashevich ne a bayansa. A 2016 Leicester ta saye shi, ya shiga Firimiyar da malam ke ɗaukaka, ya fi zama a benci. A Janairu 2018 ya koma CSKA aro, ƙafarsa ta dawo, bayan wata biyar ya jefa wa Iceland ƙwallaye biyu a Volgograd, duk ƙasar nan aka kwana murna. In har gasar Rasha ba komai ba ce, kofuna ukun nan na Musa ma ba komai ba ne ke nan? Ban ji malam ya taɓa faɗin haka ba, kuma ba na zaton zai faɗa. To don me ma'auni zai canja idan an zo kan abokin wasansa?

Maganar wasanni 127 ba ta buƙatar dogon bayani. Daga 2002 zuwa 2018 masu horarwa sun zo sun tafi, har da Hiddink da Dick Advocaat da Fabio Capello, kowannensu kuma ya dogara da shi. Capello mutum ne da ya horar da Baresi da Maldini da Cannavaro. Shi ne bai san ɗan baya ba? A 2015 Ignashevich ya wuce tarihin Viktor Onopko na wasanni 109, a gida kuma ya ci gasar Rasha sau shida, ta farko da Lokomotiv a 2002.

Yanzu mu zo ga cin gida, domin a nan ne na fi jin zafin rubutun malam. Tun bayan gasar 2016 ba a sake kiran Ignashevich tawagar ƙasa ba. Ana dab da Kofin Duniya a gidansu, Dzhikiya da Vasin suka ji rauni a gwiwa, tagwayen Berezutski sun riga sun yi ritaya daga buga wa ƙasa, Kambolov ma ya ji ciwo a sansanin atisaye. Sai koci Stanislav Cherchesov ya waiwayi dattijo ɗan shekara 38. Mai gudun zubar da mutuncinsa da ya ba da uzuri, ba wanda zai zarge shi. Shi ya amsa, ya buga duka wasanni biyar, biyu daga ciki har da ƙarin lokaci.

Ranar 1 ga Yuli, a Luzhniki, minti na 12, Asensio ya bugo bugun tazara daga dama. Ignashevich ya rungume Sergio Ramos, suka faɗi tare, ya ba ƙwallo baya, ta bugi bayan ƙafarsa ta wuce mai tsaron gida Akinfeev. Laifinsa ne, mutum ya kalla ya bar ƙwallo, har ya zama mafi tsufan wanda ya taɓa cin gida a tarihin gasar. Malam ya tsaya a nan ya ajiye alƙalami, kamar a minti na 12 aka tashi wasa. Saura fiye da minti ɗari fa? Sifaniya ta yi ba-ni-in-ba-ka sama da sau dubu a wannan wasa, tana da Isco da David Silva da Diego Costa, daga baya Iniesta ya shigo, amma babu ɗan Sifaniya ko ɗaya da ya jefa ƙwallo a raga har aka gama ƙarin lokaci. Dzyuba ya farke da fenareti bayan Piqué ya taɓa da hannu. Duk wanda ya kalli wasan ya ga dattijon nan yana nuni da hannu, yana ja da layin baya, yana tura saurayi Kutepov inda ya kamata, yana share ƙwallayen sama ɗaya bayan ɗaya. Aikin ɗan baya irin na maigadi ne, dare dubu zai kwana a farke ba mai ambatonsa, daren da ɓarawo ya haura kowa ya san sunansa. Mai kallo a gidan kallo in ya manta dare dubun ana yi masa uzuri, amma mai sharhi aikinsa ne ya ƙirga su.

Da aka zo bugun fenareti, mutumin da ya ci gida a gaban mutanen garinsu, wanda in ya ɓarar za a ɗora masa laifin fitar ƙasar baki ɗaya, shi ne ya fito na biyu. Ya ajiye ƙwallo, ya tunkari De Gea, ya jefa ta raga. Akinfeev ya tare ta Koke, ya tare ta Aspas da ƙafa, Rasha ta kai zagayen ƙasashe takwas na Kofin Duniya a karon farko tun rushewar Tarayyar Sobiyat. Bayan kwana shida a Sochi aka sake zuwa fenareti da Kuroshiya, Smolov da Fernandes suka ɓarar, shi ya sake ci. A daren ya sanar da ajiye takalma, mako guda kafin ya cika 39. Me ya sa duk wannan bai sami ko layi ɗaya a rubutun malam ba?

Saura batun horarwa. Da farko dai, ko da a ce Ignashevich ya gaza gaba ɗaya a matsayin koci, hakan ba ya komawa baya ya goge abin da ya yi a fili. Gary Neville bai kai wata huɗu a Valencia ba aka sallame shi, Barcelona ta yi masa 7 da nema, ba wanda ya ce don haka bai iya tsaron baya a Manchester United ba. Sana'o'i biyu ne daban. Amma ni ban ma yarda ya gaza ba.

Mutumin da ke da irin sunansa zai iya zama a Mosko yana sharhi a talabijin, ko ya jira a ba shi babbar kujera saboda tsohon suna. Shi da matasan CSKA ya fara, a matsayin mataimaki. A Yuni 2019 ya karɓi Torpedo, wadda a lokacin ta hauro daga rukuni na uku, ya sa ta cikin na gaba a teburin rukuni na biyu, sai annobar korona ta sa aka yanke kakar tun ba a kammala ba, aka haurar da Rotor da Khimki. A Maris 2021 suka rabu. Ƙungiyar da ta fito daga rukuni na uku ta shiga neman hawa na ɗaya a shekararta ta farko, wannan ne gazawa?

Baltika kuwa, ya kamata mai karatu ya san inda take. Kaliningrad yanki ne na Rasha da ke yanke daga sauran ƙasar, tsakanin Poland da Lithuania a bakin tekun Baltik, kuma tun 2022 da maƙwabta suka rufe wa jiragen Rasha sararin samaniyarsu, duk wasan waje sai an zagaya ta kan teku. A lokacin, rabon ƙungiyar da babban rukuni tun 1998. Ignashevich ya karɓe ta a ƙarshen 2021, a 2023 ya haurar da ita, bayan shekara 25 mutanen garin suna jira. Malam ya ambaci faɗuwar 2024, ya yi shiru a kan wanda ya kai ta wurin da za ta iya faɗowa. Ya kuma yi shiru a kan cewa a wannan kakar da ta faɗi, Baltika ta kai wasan ƙarshe na Kofin Rasha a Luzhniki, ta fara cin Zenit, sai can ƙarshen wasa aka juye mata 2 da 1. Zenit ɗin nan ita ce mai kuɗin Gazprom, wadda ta ɗauki gasar ƙasar sau shida a jere. Faɗuwar ta faru, kuma koci yana da kasonsa na laifi, domin ƙungiyarsa ta kasa tara maki a gasar mako-mako. Amma wanda zai ba da labarin kakar ya faɗi faɗuwa ya ɓoye wasan ƙarshe, rabin gaskiya ya faɗa.

Ban ce Ignashevich ya kai Baresi ko Maldini ba, ban kuma ce ya riga ya zama babban koci ba. Matsayina shi ne, yana cikin 'yan bayan Turai na gaske a zamaninsa, shi ne ginshiƙin bayan Rasha a manyan nasarorinta uku na wannan ƙarni, wato 2005 da 2008 da 2018, kuma a horarwa ya nuna ya iya gina ƙaramar ƙungiya, sauran hukunci sai gaba. Gidajen kallonmu Firimiya da La Liga suke nunawa saboda su tashoshin tauraron ɗan'adam suka saya suke sayar mana, wannan harkar kasuwa ce. Kada mai alƙalami ya mai da jadawalin tasha ya zama iyakar duniyar ƙwallo, ya koya wa yaro ɗan shekara goma sha biyar cewa duk wanda bai gani ba bai iya ba.

Roƙona ga malam guda ɗaya ne. Wasan Lisbon na 2005 da na Basel na 2008 da na Luzhniki na 2018 duk suna nan a intanet. Ya zauna ya kalle su daga farko har ƙarshe, ya bar bin ƙwallo da ido, ya bi ɗan bayan tsakiya kawai, inda yake tsayawa kafin a bugo, da lokacin da yake fita da lokacin da yake ja baya. In bayan haka yana nan a kan bakansa, ya rubuto mana minti da minti inda ya ga tsaka-tsakin, ni kuma zan karanta in ba shi amsa.